Zabiyar Opera da Waƙoƙin Afirka: Tsokaci a Kan Aikin Joy Nwosu Lo-Bamijoko

1.0 Gabatarwa

An haifi Joy Nwosu Lo-Bamijoko a Enugu a shekarar 1940. Ta koyi rera waƙa da siririyar muryar nan da ake kira sofrano a makarantar Santa Cecilia ta birnin Rum, daga baya ta sami digiri na uku a Jami'ar Michigan ta Amurka, ta kuma koyar a Jami'ar Legas. Abin da ya jawo hankalinmu gare ta shi ne yadda ta riƙa jera waƙoƙin harsunan Nijeriya kafaɗa da kafaɗa da na Italiya a dandamali guda.

2.0 Nasara da Cikas

Nasarar wannan tafarki a fili take. Ya nuna cewa harshen gida na iya ɗaukar nauyin kiɗan da aka rubuta a takarda, irin wanda Ayo Bankole (1935-1976) da Akin Euba (1935-2020) suka tsara da Yarabanci.

Sai dai akwai cikas iri biyu. Na farko, an gina horon opera ne bisa Italiyanci, harshen da karin sauti ba ya bambanta ma'ana a cikinsa. Yarabanci da Ibo kuwa, kamar Hausa, sun dogara da shi: karin sauti kaɗai ya raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Idan muryar waƙa ta hau inda harshe ya sauka, ko zabiya ta sauya wasali domin ta kai ƙololuwar murya, sai daɗi ya samu, ma'ana ta salwanta. Na biyu, zabiya ɗaya da fiyano ba sa maye gurbin 'yan amshi, kuma masu sauraron da suka yi tsit sun rasa rabonsu na waƙar.

3.0 Kammalawa

A ganinmu, darasin da ke nan ga masu tsara manhajar Hausa shi ne kada a raba koyar da waƙa da koyar da tsarin sauti. Ɗalibin da bai bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba, ba zai gane karin waƙar Hausa ba, balle ya rera ta daidai. Muna ba da shawarar a riƙa saurarar da ɗalibai waƙa ɗaya cikin sigar gargajiya da ta dandamali, su tantance da kansu abin da aka samu da abin da aka rasa.