Kuɗin Man Fetur da Makarantun Sakandare a Cadi

Klemat unguwa ce a cikin birnin Njamena. Yaron da ya gama firamare a can yana iya shiga sakandare ba tare da ya bar gidan iyayensa ba, domin a birnin ne manyan makarantu irin su Felix Eboue suke. Takwaransa na ƙauye a Kanem ko Batha kuwa, sau da yawa sai ya koma gari ya zauna wurin dangi, in babu dangi ya haƙura da karatun. 'Ya mace ce ke fara haƙura, don ba safai iyaye ke yarda ta yi nisa da gida ba.

Wannan bambanci ya daɗe. A zamanin mulkin Faransa, kudancin Cadi ya karɓi boko, musamman ta hannun 'yan mishan, arewa kuwa ta riƙe makarantar allo, tana ɗari-ɗari da karatun Nasara. A haka aka sami 'yancin kai a 1960.

Damar gyara ta zo da man fetur ɗin Doba, wanda aka fara fitarwa ta Kamaru a 2003. Dokar da aka kafa a 1999 bisa yarjejeniya da Bankin Duniya ta ware mafi yawan kuɗin ga fannoni irin su ilimi da lafiya, ta kuma ba yankin da ake haƙo man kashi 5 cikin ɗari. Kuskurenta shi ne ta ambaci ilimi a dunƙule, ba ta fifita yankunan da aka bari a baya ba. Kuɗin da ba a faɗi inda za su ba kuwa, inda ake da hanya da malamai da manyan ma'aikata suke tafiya.

A ƙarshen 2005 gwamnatin Idriss Deby ta gyara dokar, ta sa tsaro cikin fannonin, kuma a 2008 Bankin Duniya ya janye. Da farashin mai ya faɗi, aka rage alawus ɗin ma'aikata a 2016, malamai suka shiga yajin aiki na watanni. Mai hali a Njamena ya kai ɗansa makarantar kuɗi, talakan ƙauye ya zauna jira.

Saboda haka jimlar kasafin ilimi ba ta isa ma'auni ba. Abin dubawa shi ne nawa ke isa kowane lardi, kuma malamai nawa aka tura can suka zauna.