Manzon Tagulla da Yatsan da ke Nuna Sama

A gidan tarihi na Bargello da ke birnin Filorans a ƙasar Italiya akwai wani mutum-mutumin tagulla wanda gwanin zubi Jambolonya ya kammala a 1580. Siffar Makyuri ce, wanda Romawa suka ɗauka manzon allolinsu. Ga fukafukai a hularsa da ƙafafunsa, ga sanda mai macizai biyu a hagunsa, damansa kuwa ta miƙe, yatsa yana nuna sama.

Aikin ya cancanci yabo. Dukan nauyin tagullar yana bisa yatsun ƙafa ɗaya, ƙafar kuma ta taka iskar da ke fitowa daga bakin wata 'yar fuska a ƙasa. Ƙarfe mai nauyi ya zama kamar yanzu zai tashi.

Amma a nan ne aibinsa yake. Maƙerin ya ƙawata jikin manzon har idon mai kallo yakan tsaya a kansa, ya manta da inda yatsan ke nunawa. Manzon da ya sa aka manta da wanda ya aiko shi ya ɓata aikensa.

Dubi tauraron da aka raɗa wa sunan nan saboda saurinsa. Shi ne mafi kusa da rana, yana kewaye ta cikin kwana 88, da gudun kimanin kilomita 47 a daƙiƙa. Hasken da yake bayarwa na rana ne. Ba a ganinsa sai gab da fitowarta ko jim kaɗan bayan faɗuwarta, sauran lokaci yakan ɓace cikin haskenta. Halittar Allah ta fi aikin maƙeri sanin ladabin manzanci.

Ka tuna da Listira, a Ayyukan Manzanni sura 14. Da gurgu ya warke, mutanen garin suka kira Bulus Hamisa, wato sunan Makyuri a wurin Helenawa, domin shi ne mai magana. Har aka kawo bijimai don hadaya. Bulus da Barnaba suka kyakketa tufafinsu, suka juya hankalin taron ga Allah Rayayye.

Kai ma, ko wa'azi kake yi, ko waƙa cikin ƙungiyar mawaƙa, ko koyar da yara ranar Lahadi, yabo zai zo maka. In ya zo, kada ka riƙe shi. Miƙa shi ga Mai shi.