Kankare Tsohon Fenti: Mas'alar Ƙananan Motocin Zubi

Tun daga shekarar 1934, lokacin da kamfanin Meccano na birnin Libaful a Ingila ya fara sayar da ƙananan motocin da ya raɗa wa suna Dinky Toys, da kuma bayan fitowar motocin Matchbox a 1953 da na Corgi a 1956, yaran Turai sun yi ta gurza waɗannan motoci a kan daɓe da tsakuwa, ta yadda mafi yawan waɗanda suka wanzu zuwa yau sun iso hannun masu tarawa da fenti a ɓaɓɓare. Daga nan ne wata sana'a ta samo asali, wato ta kankare tsohon fenti a shafa sabo, wadda ma'abotanta suka daɗe suna saɓani a kan halaccinta.

Shi dai aikin yana bukatar haƙuri da sanin ɗabi'ar ƙarfen, domin jikin motar zubi ne na tutiya da aka gauraya da ɗan alminiyam, kimanin kashi 4 cikin 100. Da farko sai a huda kan ƙusoshin da suka ɗaure gangar jiki da farantin ƙasa, a ware tayoyi da gilasan roba, saboda maganin da ke cin fenti yana iya narkar da su. Sa'an nan a tsoma gangar cikin ruwan soda mai ƙuna, wanda ke saɓule fenti nan da nan, amma idan aka yi sakaci ya daɗe sai ya dusashe tutiyar, ga shi kuma yana ƙona fata da ido. Wasu kuwa sun fi son man birki, wanda ke ɗaukar kwanaki. Bayan an wanke an goge, wajibi ne a fara fesa shimfiɗar da ke kama ƙarfe, don tutiya ba ta riƙe fenti da kanta, kana a bi da launi siriri-siriri, kada kauri ya binne layin ƙofa da zanen fitila, waɗanda su ne adon zubin.

Akwai kuma illar da babu fentin da ke maganinta: wasu motocin da aka zuba kafin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda dalmar da ta gurɓata tutiyarsu, kan kumbura su tsattsage daga ciki har su marmashe.

To, a nawa ra'ayin, hujjar masu hani da sake fenti ta fi ƙarfi a mafi yawan lokuta, gama fentin asali shaida ne: shi ke nuna launin da masana'anta ta zaɓa da zamanin da aka yi motar, kuma tun da ma'aikatar Meccano da ke Binns Road ta rufe a 1979, abin da aka kankare ba shi da madadi har abada. Motar da ta ɗan ƙuje a gefe ta cancanci a bar ta yadda take. Amma wadda ta tsiraita sarai, ko wani yaro ya taɓa lafta mata fentin gida, ita kam gyaranta alheri ne, kuma ina ganin girman mai zama ya maido mata da kamanninta.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne wajen ciniki, domin motar da aka sake wa fenti ba ta kai darajar ta asali a wurin masu tarawa, alhali kuwa gwanin aiki yana iya ruɗar idon mai saye. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da ita. Shi ya sa masu amana daga cikin masu wannan sana'a suke faɗar gaskiya a bayanin kayansu, wasu ma har sukan sa alama a cikin gangar kafin su mayar da farantin ƙasa, don wanda motar za ta faɗa hannunsa bayan shekaru ya san aikin da aka yi mata.