Awa 12 haske, awa 12 duhu: inda bayanin furen tabar wiwi ya gaza

Idan ka taɓa bincikar yadda tabar wiwi take fitar da fure, da wuya ba ka ci karo da wannan bayanin ba: wai ita "tsiron gajeren yini" ce, kuma ba ta yin fure sai ta samu awa 12 na haske da awa 12 na duhu. Har laƙabi aka yi masa, 12/12. Bayanin yana da daɗin haddacewa, amma yana da matsala guda biyu. Sunan yana karkatar da hankalinka daga ainihin abin da tsiron yake aunawa, lambar kuma an mai da ita doka alhali ba doka ba ce. Kafin mu ci gaba, ka sani cewa noman wiwi laifi ne a dokar Najeriya. Ilimin tsirrai ne ya kawo mu nan.

Bari mu fara da sunan. A 1912 wani matashin masani a birnin Faris, Julien Tournois, ya lura cewa wiwi tana saurin yin fure idan aka rage mata tsawon yini. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci shi kafin aikinsa ya yi nisa. A 1920 Garner da Allard na ma'aikatar gona ta Amurka suka tabbatar da lamarin a kan taba da waken suya, suka kasa tsirrai zuwa na gajeren yini da na dogon yini. Daga nan sunan ya zauna.

To amma a 1938 Hamner da Bonner suka yi wani gwaji mai sauƙi da wata ciyawa mai suna Xanthium. Suka katse mata yini da ɗan duhu, ba abin da ya canza, ta yi furenta. Suka katse mata dare da ɗan haske na taƙaitaccen lokaci, sai fure ya ƙi fitowa. Ka ga kenan dogon dare marar yankewa shi ne abin da tsiron yake buƙata. Da "tsiron dogon dare" aka ce, da an fi kusa da gaskiya.

Ta yaya ganye yake sanin dare ya yi? A cikinsa akwai wani furotin mai jin haske da ake kira fitokurom, wanda masana a Beltsville ta Amurka suka gano zahirinsa a 1959. Siffa biyu gare shi. Jan haske mai tsawon zango kusan nanomita 660 yana juya shi zuwa siffa mai aiki, haske mai kusan nanomita 730 ko zaman duhu kuma yana mai da shi baya. Wannan saƙon yana haɗuwa da agogon cikin tsiron mai zagayen kusan awa 24. Idan dare ya kai tsawon da ake buƙata, ganye yana aika wani furotin zuwa kan tsiron, inda fure zai fito. Wanda aka ce masa "gajeren yini" kawai, ba zai gane dalilin da fitilar bakin titi take hana wasu tsirrai yin fure a kan lokaci ba.

Sai lambar 12. A yi adalci, tsarin yana aiki. Kamfanonin da ke noman wiwi da lasisi a ƙasashe irin su Kanada, wadda ta halatta ta a 2018, suna amfani da shi ne domin dare na awa 12 ya ishi kusan kowane iri. Amma "ya isa" daban, "dole ne" daban. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun wallafa gwaji a 2023 inda ire-iren da suka gwada suka yi fure ko da hasken ya haura awa 12. Kowane iri yana da nasa mizanin, gwargwadon yankin da ya saba da shi. Akwai ma wanda ake kira ruderalis, da aka bayyana a Rasha a 1924, wanda tsawon dare bai dame shi ba, da ya kai girma sai ya yi fure. Wani bincike daga Isra'ila a 2019 kuma ya nuna cewa macen tsiron tana fitar da fure ɗai-ɗai ko a dogon yini. Abin da dogon dare yake yi shi ne sauya yadda rassa ke tsirowa har furanni su cunkushe wuri guda.

Me ya sa wannan ya dame ka? Domin kuskuren yana jawo asara. Bayan Amurka ta halatta noman nau'in da ake shukawa don zare da iri a 2018, an gwada ire-iren Turai a jihar Fulorida. Yinin bazarar can bai kai na Turai tsawo ba, sai tsirran suka yi fure da wuri tun suna gajeru. Mai neman dogon kara don zare kuwa ya tashi a tutar babu.

Kuma ba sai ka je Amurka ba za ka ga wannan ƙa'idar. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce kusan awa ɗaya da rabi ba, amma dawar gargajiya da maiwa suna jin wannan ɗan sauyin. Shi ya sa ko manomi ya yi shuka da wuri ko ya ɗan makara, dawarsa takan fitar da kai ne dab da ɗaukewar damina. Ka ɗauki irin wani yanki ka kai shi kudu ko arewa da nisa, sai lissafin ya rikice.

Don haka idan ka sake ganin an rubuta 12/12 kamar wata tabbatacciyar doka, ka yi wa marubucin tambaya biyu: wane iri yake nufi, kuma daga wane yanki irin ya fito? Malamanmu masu koyar da ilimin tsirrai su ma, ya kamata duk lokacin da suka ce "gajeren yini" su ƙara wa ɗalibai da cewa dare ne ake aunawa.