Masu sharar jirgin Shinkansen

In ana hirar jirgin ƙasa mai gudun walƙiya, ƙasar Sin ake fara ambata, mai irin wannan layin dogo sama da kilomita 40,000, sai Faransa da jirginta TGV tun 1981, sai Maroko da ta kawo wa Afirka Al Boraq a 2018. Ni kuwa hankalina yana tashar Tokyo, wurin ma'aikatan kamfanin Tessei, masu sharar jirgin Shinkansen na Japan, ƙasar da ta fara harkar irin wannan jirgi a 1964.

Minti 12 jirgi ke tsayawa. Biyar na fasinjoji ne, masu sauka da masu hawa. A cikin bakwai da suka rage ake kwashe shara, a goge tebura, a share ƙasa, a juya kujeru su fuskanci inda jirgin zai nufa, a tattara abin da matafiya suka manta. Kafin jirgi ya iso ma'aikatan sun jeru a bakin dandamali, da sun gama kuma su sake jeruwa su rusuna wa masu shiga.

Wannan rusunawar ce ke taɓa mini zuciya. Da za su makara da minti biyu, jiragen da ke biye duk sai sun jira. Sannunku da aiki, Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa.