Jinjina Ga Malaman Zaure Masu Karantar Da Manɗiƙi

A zaurukan Dutsin-Ma da Kurfi, bayan sallar Asuba, za ka tarar da dattijo a kan buzu, ɗalibi a gurfane gabansa yana jan baƙi, shi kuma yana fassara. In littafin manɗiƙi ne, wato Sullam na Al-Akhdari, to ilimin da ake sha ya yi doguwar tafiya. Aristo na ƙasar Girka ne ya tsara manɗiƙi, masu tarjama a Bagadaza suka mayar da shi Larabci, ayarin Sahara ya kawo shi ƙasar Hausa. Shehu Al-Maghili, wanda ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, har jayayya ya yi da Suyuɗi don kare wannan fanni.

Haka a zaman tafsiri. Malam yakan dakata ya ce wannan labari Isra'iliyya ne, daga littattafan Yahudawa ya shigo, sai a yi hattara da shi. Wannan tantancewa aikin shekaru ce, kuma ba albashi.

Allah Ya saka muku, malamai. Ku kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ku je ku durƙusa gaban dattawan nan da littafi da alƙalami tun suna raye.