Kwalbar da Ta Faɗo Daga Sama: Sharhi a Kan Fim ɗin The Gods Must Be Crazy

Da wuya a sami wanda ya yi zamanin kaset ɗin bidiyo bai ga ɗan siririn mutumin nan mai kwari da baka ba, yana ta sassarfa cikin daji riƙe da kwalbar Coca-Cola. Fim ɗin ya fito a 1980, kuma Jamie Uys, wani Bature ɗan Afirka ta Kudu, shi ya rubuta labarin, shi ya ba da umurni. Abin da ya sa muka ɗauko shi a wannan fili shi ne, fim ne da ya iya ba da dariya ƙwarai, amma marubucin da ya kwaikwaye shi ido rufe zai kwaso har da cutar da ke cikinsa.

Ga labarin a taƙaice. Wani matuƙin ƙaramin jirgin sama ya shanye lemonsa ya wurgo kwalbar a Hamadar Kalahari, ta faɗa kusa da wasu iyali na ƙabilar San. Suka ɗauka kyauta ce daga sama. Wannan ya daka saiwa da ita, wancan ya jeme fata, wani ya busa ta kamar sarewa. To amma guda ɗaya ce tak, kowa kuwa yana so, sai rigima ta shiga gidan da aka ce bai taɓa sanin rigima ba. Don haka Xi, wanda N!xau ɗan ƙasar Namibiya ya fito a matsayinsa, ya ɗauki kwalbar ya nufi ƙarshen duniya don ya mayar wa masu ita. A hanya labarinsa ya sarƙe da na Andrew Steyn, masanin da ke binciken kashin namun daji, da Kate Thompson, wadda ta bar aikin jarida a birni ta zo koyarwa a wani ƙauye na Botsuwana, da kuma na Sam Boga da 'yan tawayensa.

Mu fara da inda Uys ya ciri tuta. Dariyar fim ɗin ba a baki take ba, a jiki take da kayan aiki, shi ya sa wanda bai ji Turanci ba ma yana shan ta. Wannan salo gado ne daga zamanin su Charlie Chaplin da Buster Keaton, har da dabarar nan ta ƙara wa hoto gudu don mutane su riƙa tsalle-tsalle kamar fara. Amma duba yadda aka gina wasan tsohuwar Land Rover ɗin Steyn. Tun da fari an shaida wa mai kallo abu biyu: motar ba ta da birki, kuma in ta mutu tayar da ita aiki ne. Shi ke nan an ɗana tarko. Da Steyn ya iso ƙofar shinge a kan gangare, mai kallo ya riga ya san ba zai iya kashe ta ba, ba kuma zai iya tsayar da ita ba, ga ƙyaure kuwa sai an sauka an buɗe. Tun kafin ya dira daga motar mutum ya fara murmushi. Haka kuma lokacin da ta kafe a rafi, ya ɗaura igiyar injin ja a jikin bishiya, hankalinsa ya koma kan Kate da ƙaya ta riƙe wa tufafi. Ko da ya waiwayo, mota na reto a sama kamar buhun da aka rataye. Ba wani abin mamaki da ya faɗo daga waje. Duk abin da ya faru ya fito ne daga ƙa'idar da aka kafa tun farko. Yawancin masu rubuta ban dariya a cikinmu a nan suke tuntuɓe, sai su jefo faɗuwa ko zagi ba shiri, su zauna jiran dariyar da ba za ta zo ba.

Akwai rauni na gini, ko da yake ba shi ne babba ba. Bayanin mai ba da labari a farkon fim ya yi tsawo, Kate ba ta da wani aiki sai firgita da jiran a cece ta, kuma labaran uku katari ne kawai ya haɗa su.

Babban aibin yana wajen tambayar da ya kamata kowane mai sharhi ya yi: wa ake yi wa dariya, kuma don me? Steyn yana tuntuɓe, yana zubar da kaya, yana kame-kame, amma an ba shi dalili, wato kunyar mata ce ke ruɗa shi. In ba mace a wurin, gwani ne a aikinsa. Saboda haka muna yi masa dariya muna tausayinsa, a ƙarshe ma shi ya samu yarinyar. To koma ga baƙaƙen fata masu riƙe da mulki ko bindiga. 'Yan tawaye sun kutsa taron majalisar ministoci suna harbi barkatai, biyu daga cikinsu ba abin da ke gabansu sai karta, ga sojojin gwamnati su ma ba su fi su dabara ba. Wautarsu ba a ba ta dalili ba, an nuna ta kamar halitta ce. A tuna fa, fim ɗin ya fito shekara huɗu bayan kisan ɗalibai a Soweto a 1976, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ke gaya wa duniya cewa baƙar fata bai iya mulkin kansa ba. Fim ɗin bai ambaci wariya ko sau ɗaya ba, sai dai hoton da ya zana ya yi wa masu ita daɗi. An ma tallata shi a waje a matsayin fim ɗin Botsuwana, a daidai lokacin da ƙasashe ke ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu.

Wani zai ce ai Xi shi ne mai hankalin cikinsu, shi ya kwantar da 'yan tawaye da 'yan kibansa masu maganin barci, ya kuɓutar da 'yan makaranta. Gaskiya ne, kuma N!xau ya yi wasa mai shiga rai. Kallon da yake yi wa bangon kurkuku bayan an ɗaure shi kan harbin akuya ya fi dogon jawabi. Amma a saurari muryar da ke ba da labarinsa. Irin muryar nan ce da ake bayanin rayuwar barewa da ita a finafinan namun daji. An so shi, ba a dai yarda shi mutumin zamaninsa ba ne. A shekarun da aka ɗauki fim ɗin, mutanensa a yankin Tsumkwe na Namibiya suna zaune ne cikin talauci bayan an ƙwace yawancin ƙasar farautarsu, rundunar Afirka ta Kudu kuma tana ɗiban samarinsu aikin soja a yaƙinta da ƙungiyar SWAPO. Sun san kuɗi, sun san mota, balle kwalba. John Marshall, wanda ya daɗe yana ɗaukar rayuwarsu, ya fitar da nasa fim ɗin na gaskiya a 1980 a kan wata mata mai suna N!ai, kuma a ciki har an ga ma'aikatan Uys suna maimaita ɗaukar fitowa ɗaya, ana tsara wa mutanen yadda za su yi murnar dawowar Xi.

Wannan batu bai yi nisa da mu ba, domin labarin baƙauye ya shigo birni yana cikin abin da marubutanmu na wasan kwaikwayo suka fi yayi. Sau da yawa akan sa shi ya tsorata da fanka ko ya gai da madubi, alhali mutumin ƙauyen da muka sani yana sauraron labarin duniya a rediyo tun asuba, kuma ya fi ɗan birni sanin farashin taki. In za a sa shi tuntuɓe, a ba shi dalili irin wanda Uys ya ba Steyn.

N!xau ya sake fitowa a kashi na biyu a 1989, sannan a wasu finafinai na Hong Kong, daga baya ya koma gida ya kama noma da kiwo, har ya rasu a 2003.